Motar Baba Mutari da Ta Daina Fito

Ranaku da yawa na aikin garaji sun gushe mini, amma ranar da muka kwance hancin motar Baba Mutari a kan hanyar Dungas tana nan a idona kamar jiya. Ku da kuke zuwa kuna cewa in ba ku labarin aikin da, ga ɗaya. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, don haka zan faɗa yadda abin ya faru, har da wuraren da ban fito da kyau ba, kuma suna da yawa.

Lokacin Faransawa ba su tafi ba, amma an fara maganar tafiyarsu a kasuwa. Ina makaniki a garajin wani kamfanin sayen gyaɗa a Magarya. In an buɗe ciniki bayan kaka, manyan motocinmu, kamiyo muke ce musu, sai su bi kasuwannin ƙauye, su Dungas da Dogo-Dogo da Sasumburum, su kwaso buhuna su kawo filin awo. A saman kowa akwai Bature, a gabansa mu ce Mushe, wato ranka ya daɗe da Faransanci, a bayansa mu ce Mai Lofe. Ɗan kasuwa ne, bai san inji ba, bai kuma taɓa cewa ya sani ba. Sai akawu wanda yake masa tafinta. Sai shef na garaji, sai mu makanikai, sai direbobi.

Shef ɗinmu sunansa Habu, Bafulatani ne, tsohon soja, a can ya koyi gyaran inji. Mutum ne mai jan magana a hankali har ka ƙosa. Baba Mutari kuwa shi ne babba a direbobi, Babarbare daga Damagaram, yana tuƙi tun zamanin yaƙi. Kullum sai ya goge motarsa kafin ya karya kumallo. Fatake na ba shi saƙo ya kai wa danginsu ba tare da an ɗaure bakin jaka ba, don ba a taɓa jin allura ta ɓata a hannunsa ba. Shi da Shef ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba, irin wasan Fulani da Barebari, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa.

A shekarar ne aka kawo sabuwar mota guda ɗaya mai turbo, aka ba Baba Mutari. Ku yanzu kun saba da shi, mu ba mu taɓa gani ba. Muka sa masa suna katantanwa saboda siffarsa. Ga wanda ba na aikin ba, abin haka yake: hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya wata a ɗaya gefen, wadda ke zuƙo iska tana cusa wa inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, gazuwal, wato man dizal, ya ƙone sarai, mota ta yi ƙarfi. In tana hawan tudu da kaya za ka ji wani siririn fito. Mutanen ƙauye kan gane motar Baba Mutari da wannan fiton tun ba su hango ta ba.

Ciniki ya yi tsakiya sai motar ta fara sanyi. Ba rana ɗaya ta yi ba, a hankali ta riƙa ja da baya. Fito ya ragu har ya ɗauke. Baƙin hayaƙi ya riƙa binta kamar ana ƙona taya. Yashin da take ratsawa da cikakken lodi ya zama sai an sauke rabin buhuna an tura. Tana kuma shan gazuwal fiye da da. Shef ba ya nan, ya tafi Damagaram neman kayan gyara, aka ce ni zan duba.

Na yi abin da na iya. Na canza matatun mai, na fitar da iska daga bututun mai, na kwance alluran da ke fesa gazuwal na wanke. Na zo kan matatar iska. Irin ta wancan zamani kwano ne a ƙasa da ake zuba man inji, a samansa kuma raga ce ta waya, cunkus kamar soso. Iska ta bugi man, ƙura ta maƙale, abin da ya saura ragar ta tare. Na sauke kwanon na ga mai garau, ban taɓa ganin mai tsabta irinsa a motar daji ba. Na ce a raina, wannan tsoho akwai kula. Na mayar. Ragar ban ciro ta ba, don a wannan motar sai ka kwance ƙarafa da yawa kafin ka kai gare ta, ni kuwa na ga babu dalili. Lalaci ne, ba wani suna gare shi ba. Na zagaya da motar wofi a kan hanya mai tauri, na ji ba laifi. Washegari aka yi mata lodi, ta kasa.

Mai Lofe ya same ni a filin awo, ga ƴan dako, ga direbobi, ga masu kawo gyaɗa. Ya tambaye ni ta bakin akawu me ke damun motar. Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma ina jin kunyar faɗin haka a gaban jama'a, ga shi Shef ba ya nan ina son a ga ni ma na isa. Sai na ce, "Inji lafiya lau yake. Wataƙila man ne."

Ku ba za ku gane nauyin wannan kalma ba sai na bayyana. A lokacin akwai direbobin da ke zuƙe gazuwal su sayar, su cike gurbin da kananzir mai araha daga ƙetaren iyaka. Wanda aka kama, kumandan, Baturen mulki, ake kai wa, a karɓe permi ɗinsa na tuƙi, ya kwana gidan kaso. Ni hasashe na yi. Bature kuwa hukunci ya ji. Ya cire lofen daga bakinsa ya juya wajen Baba Mutari, ya yi magana mai tsawo. Akawu ya taƙaita da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Mushe ya ce kai ma ɓarawo ne kamar sauran. Kawo makulli."

Baba Mutari ya sa hannu a aljihu. Ya ciro makullin ya ajiye a kan buhu, ya ɗauki butarsa da buzunsa ya fita. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Shef ya dawo ya tarar da maganar ta cika gari. Bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya, ya shiga tambaya.

"Hayaƙin wane launi?"

"Baƙi, Shef."

"In mai ɗakinka ta cika murhu da itace ta toshe bakinsa, wane hayaƙi take samu?"

"Baƙi."

"Laifin itacen ne?"

"A'a, Shef."

"Da kaya ka gwada ta ko wofi?"

"Wofi."

"To, Lawali. Jaki ma in ba kaya kowa ya gan shi ya ce ƙaƙƙarfa ne. Ka tambayi mai motar abin da yake mata kullum?"

Ban tambaya ba. Ban ga abin da direba zai koya mini ba.

Ya shiga biro, wato ofishin Bature, ya daɗe. Da ya fito makulli na hannunsa. Ya ce Bature ya ba mu zuwa a ci kasuwar Dungas. In ba mu nuna wani dalili ba, maganar ta tafi gaban kumandan. Baturen ya kuma yarda Baba Mutari ya tuƙa, amma da man da aka zuba daga sabon tano, duron da ba a taɓa buɗewa ba, a gaban akawu. Na ce ai in ta kasa da sabon mai an wanke shi ke nan. Shef ya girgiza kai. Akawu ya riga ya ce gurɓataccen mai ya lalata famfo tun tuni. Sai mun kamo ainihin ciwon mun riƙe shi a hannu.

Muka je gidan Baba Mutari. Tun da abin ya faru, daga gida sai masallaci, ya daina zama a dakalin ƙofa. Shef ya tsaya a zaure ya ɗaga murya.

"Bawana, fito! Ubangidanka ne da kansa ya tako."

Can muka ji ya ce, "Bafillace, in nono ka kawo talla, mun saya jiya." Maganar wasa ce, amma muryar ba ta wasa ba ce.

"Motarka ce ba ta da lafiya, ta ce ba ta shan magani a hannun kowa sai naka."

Ya fito. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda yake amsawa kullum, "Lawali, ya iyali?" Bai ƙara ba, bai rage ba.

Da safe kafin mu tashi Shef ya bi hanyar iska, ni ina riƙe masa kaya. Wannan tsarin ku riƙe shi. Ya fara da gefen hayaƙi, daga inji zuwa katantanwa, yana neman baƙin toka a mahaɗa, don in hayaƙi na tsere wa ta wani wuri farfela ba za ta samu mai juya ta ba. Babu. Ya kaɗa sabulu ya shafa kumfa a duk mahaɗar bututun da ke kai iska daga katantanwa zuwa inji, ya sa aka taka mai, ko wani wuri zai yi ƙwai. Babu. Na ce mu kwance katantanwar kanta. Ya ce, "Ba a fara yanka da abin da ba ka da madadinsa. Sai ta ɗauki kaya za ta faɗi gaskiya."

Muka je Dungas wofi aka yi mana lodi har sama. A hanyar dawowa akwai wani tudun yashi mai tsawo da kowane direba ya san shi. Kafin mu kai, Shef ya sa aka cire murfin inji na gefe. Mutumin nan da furfurarsa ya hau kan marfin taya na gaba, ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin ƙarfe, fuskarsa dab da inji mai zafi. Ni ina kan matakala ina leƙe.

"In ka kashe ni shanuna ba naka ba ne," in ji Shef.

"Wa ke son ramammun shanunka? Riƙe da kyau," in ji Baba Mutari.

Ya sa giya ya taka. Mota ta shiga yashi tana nishi, hayaƙi ya turnuƙe. Sai na ji Shef na kirana yana nuni. Akwai wani faffaɗan tiyo na roba tsakanin matatar iska da bakin katantanwa. A garaji a cike yake zagaye. Yanzu ya lotse, ya manne, kamar kumatun mai tsotsar tsamiya. Katantanwa na ja da iyakar ƙarfinta, ba abin da ke zuwa. Motar nan shaƙe take.

Da ƙyar muka fita gefe muka tsaya ƙarƙashin wani gawo. Shef ya ce a bar inji ya huta kaɗan kafin a kashe. Ni kuwa da taurin kaina na yi maza na sauke kwanon matata na ajiye a ƙasa a inuwa. "Ka gani, Shef? Garau. Na duba tun farko." Ya leƙa ya kau da kai. Azahar ta yi, ga ƙarfe da zafi ba ya taɓuwa, sai muka yi alwala, Baba Mutari ya ja mu salla.

Da muka dawo, kwanon ya yi baƙi a gefe. Kiyashi ne, layi guda daga gindin gawo, sun kewaye bakin kwanon, wasu har sun faɗa ciki. Shef ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Lawali, tun da kake aikin nan, ka taɓa ganin kiyashi ya yi wa man inji layi?"

Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ya ɗago ya dubi Baba Mutari.

"Bawana, me kake ba ta?"

"Man gyaɗa mana," in ji shi, ko ɗar bai ji ba. "Na gidana ne, na farko, wanda ba a soya komai da shi ba."

Ya yi mana bayani kamar mai ba da labarin abin kirki, don a wurinsa abin kirki ne. Sabuwar motar nan tana zuƙar iska fiye da tsofaffin, kwanonta kan cika da ƙasa da ɓawon gyaɗa a yini guda. Man injin da mangaza, wato ma'ajiyar kamfani, ke ba shi awo ne, ba ya isa a canza kullum. Shi kuwa ba zai iya barin ta da dauɗa ba. Iyalinsa na yin ƙuli-ƙuli, mai ba ya yankewa a gidan. Sai ya riƙa zubar da mai dauɗar kowace safiya yana zuba sabo daga gida. Ya ce zamanin yaƙi da gazuwal ya yanke, da idonsa ya ga ana zuba wa inji man gyaɗa yana tafiya. A tsofaffin motoci ma tsofaffin direbobi duk suna yi in mai ya ƙare musu a daji, ba abin da ya faru, don ragarsu a hannu take, kowane zuwa garaji muna wanke ta. Ni kuma ban ji ƙamshin ba. A wannan lokaci na shekara garin gaba ɗaya ƙamshin gyaɗa yake, har rigar jikinka.

Muka kwance ƙarafan nan da na yi ƙyuyar kwancewa, muka ciro ragar. Da hannu biyu na ɗaga ta. Man gyaɗa da zafin inji da ƙasa da ɓawo sun dafu sun daskare, ta zama kamar tunkuza, ka ɗaga ta ga rana ba ka ganin haske. Da muka cire tiyo muka leƙa, farfelar ma ta yi danƙo, da yatsa tana juyawa da nauyi, amma ba ta karye ba, ba ta kuma girgiɗi. Shef ya yi hamdala.

Baba Mutari ya zauna a kan matakala ya riƙe kansa. "Ashe ni nake kashe ta," ya ce.

A nan na sake yin wani kuskuren. Ina son in gyara ɓarnata cikin sauƙi, sai na ce, "Baba, mu wanke kawai mu ce ƙura ce ta toshe. Wa ya gani? Mu uku ne."

Shef ya bar wa mai abu. Baba Mutari ya ɗago.

"In kuka ce ƙura, Lawali, za a ce Habu ya rufa wa abokin wasansa asiri. Mota ta warke, ni ban warke ba. Ƴaƴana za su tashi a garin nan ana nuna su." Ya miƙa hannu. "Ba ni wuƙa. An ce ni ɓarawo ne. Gara a ce wawa."

Ya kankare ƙullin nan ya cika hularsa da shi. Sauran muka kai wata rugar da ke kusa, matan suka dafa mana ruwan toka, muka tsoma ragar muna bugawa har waya ta fito fara. Muka ɗauraye da gazuwal muka shanya. Farfela kuwa Shef da kansa ya goge ta, da tsumma a kan tsinke, fiffike bayan fiffike, bai bar ni na taɓa ba. Muka zuba man inji na gaske a kwano. Baba Mutari ya koma da mota baya har gindin tudu, da lodinta cif, ya taka. Tiyo ya tsaya zagaye. Hayaƙi ya washe. A tsakiyar yashi fiton nan ya taso siriri, ya yi sama. Na ga tsohon yana share ido da hannun riga, Shef na ce masa ya kalli hanya kada ya kashe ubangidansa.

La'asar sakaliya muka shiga filin awo, cike da mutane. Mai Lofe ya fito jin motar. Baba Mutari ya sauko, kai ba hula, ya juye abin da ke cikinta a kan ma'auni. Ya faɗi duk abin da ya yi, bai rage ba, akawu na juyawa. Shef ya ƙara da cewa garaji bai taɓa gaya wa direba abin da ba a zuba wa wannan matatar ba, bai kuma ciro ragar ba tun zuwan motar, don haka rabin laifin namu ne. Bai ambaci sunana ba. Ni na matso na ce ni ne ban ciro ba, ni ne kuma na ce man ne ba tare da na gani ba.

Bature ya ɗauki ɓarin ƙullin ya shinshina. Ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa. Ya ce wani abu, akawu ya ce, "Mushe ya ce gazuwal ba shi da laifi. Ka riƙe makullinka."

Baba Mutari ya ajiye makullin a kan ma'auni kusa da ƙullin. "Gaya masa gazuwal ba shi da ƴaƴa a garin nan. Ni fa?"

A wancan zamani ba a yi wa Bature haka. Akawu ya yi jim, Shef ya ce masa, "Faɗa masa yadda ya faɗa." Ya faɗa. Dariyar ta ɗauke daga fuskar Mai Lofe, har wuyansa ya yi ja. Na ce yau mun shiga uku. Bature ya daɗe yana kallon tsohon. Sannan ya ɗauki makullin da hannunsa ya miƙa masa, ya ce da gurguwar Hausarsa, ba ta bakin akawu ba, "Mutari ba ɓarawo." Ya juya ya shige biro.

Ba a ƙyale shi haka nan ba, an yi masa gargaɗi, mu ma an yi mana. An ƙara wa motar awon man inji. Ƴan dako kuwa tun a ranar suka laƙaba masa Mai Ƙuli, har ya bar duniya da wannan suna, ana kira yana amsawa da fara'a. Na je gida na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun a gindin gawo, amma in daina magana a gaban manya in ban taɓa abu da hannuna ba.

Abin da na koya a wurin mutanen nan biyu ya fi abin da na koya a kan katantanwa. Makaniki in ya buɗe baki, ba ƙarfe kaɗai maganarsa ke taɓawa ba, akwai mutum a bayan sitiyari da sunansa da iyalinsa. "Ban sani ba tukuna" magana ce ta mai sana'a, ba abin kunya ba. Na kuma gane cewa a aikinmu ba mugunta ce ta fi kashe mota ba. Sau da yawa mai sonta ne, da abin da ya saba da shi a tsohuwa ya kawo wa sabuwa. Shi ya sa har na ajiye aiki, in mota ta zo ba ƙarfi, ba na fara ɗaukar sifana. Nakan zaunar da direban in ba shi ruwa. Ba na tambayarsa laifin da ya yi, wannan zai ɓoye. Cewa nake, "Malam, faɗa mini duk alherin da kake yi mata."